Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga malamanmu: ku yi mana bayani kan majinyacin da likita ya ce babu sauran magani

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamanmu masu daraja, limaman Juma'a, masu tafsiri, da masu amsa tambayoyi a rediyo da Facebook, na Izala da na ɗariƙa duka ba na ware kowa, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibarku ce, ban kai in yi fatawa ba kuma ba aikin asibiti nake ba, ina dai cikin dubban matan da suke kwana a ƙasan gadon majinyaci, shi ya sa nake roƙon ku ɗan yi haƙuri ku karanta wannan har ƙarshe.

Nasan kun ji labarin abin da ake ta muhawara a kai a ƙasashen Turai, wato kisan tausayi, inda mara lafiyan da aka fidda rai da warkewarsa zai nemi likita ya yi masa allura ko ya ba shi maganin da zai sha ya mutu, kuma doka ta amince. Holand da Beljiyam tun 2002 suke yi. Beljiyam a 2014 ta cire ƙa'idar shekaru, ma'ana harda yara. Kanada ta fara a 2016, Sifen a 2021. A Birtaniya majalisar wakilansu ta kaɗa ƙuri'a a watan Yunin 2025, 314 suka ce a yi, 291 suka ce a'a, aka tura ƙudurin majalisar dattawansu. Kuma abin ba ƙarami bane, a Holand mutum 9,068 ne suka mutu ta wannan hanyar a 2023 kaɗai, a Kanada sama da 15,000 a wannan shekarar, kusan mutum ɗaya cikin duk ashirin da suka rasu a ƙasar kenan. Yaranmu suna karanta duk wannan a waya, suna gardama a kai, wasu ma ɗaliban likitanci ne da gobe su za su tsaya a kanmu.

Duk sanda aka kawo muku tambayar amsarku ɗaya ce, haramun ne, kuma wallahi ina tare da ku ɗari bisa ɗari. Ku kuka karantar da mu ayar Suratun Nisa'i da ta ce kada ku kashe kanku, ku kuka karantar da mu hadisin mutumin da ya ji rauni ya kasa jurewa ya yanke hannunsa jini ya zuba har ya mutu, Allah ya ce bawana ya yi min gaggawa da ransa, na haramta masa Aljanna. Ko burin mutuwa ma an hana mu, sai dai mutum ya ce Allah ka rayar da ni matuƙar rayuwa ce alheri gare ni, ka ɗauki raina idan mutuwa ce alheri. Dokar ƙasa ma bata bar ƙofa ba, a kundin Penal Code da muke amfani da shi a Arewa wanda ya taimaki wani ya kashe kansa zai iya shan ɗaurin shekara 10, a Criminal Code na Kudu kuwa ɗaurin rai da rai ne.

Ni bayan addini ma ina da wani dalilin da yasa nake tsoron dokar halasta kisan tausayi, kuma dalilin a gidajenmu na gan shi. A jihar Oregon ta Amurka, inda suke wannan abin tun 1997, duk shekara gwamnati tana fitar da rahoton dalilan da masu neman mutuwar suka bayar. Zafin ciwo ba shi ne a sahun gaba ba, abin da suka fi faɗa shi ne sun daina iya yi wa kansu komai, kuma shekaru da dama kusan rabinsu suna cewa suna jin sun zama nauyi a kan iyalansu. Toh Malam wannan a Amurka kenan. Ka kawo shi garin da tsohuwa za ta kwana da ciwo ta ƙi faɗa saboda kara, garin da uba yana kwance yana jin 'ya'yansa a tsakar gida suna ƙus-ƙus kan sayar da gona sai ya kira babban ya ce kada ku wahalar da kanku a kaina. Ranar da aka ce wa irin waɗannan iyayen namu akwai wata allura kuma doka ta yarda, ba sai kowa ya tilasta musu ba, kunya kaɗai ta isa ta sa su ce a yi. Kanada ma da kuɗinta, da farko sun ce sai wanda mutuwarsa ta kusa, 2021 suka buɗe wa masu naƙasa da masu ciwon da ba ya kisa nan kusa, yanzu ana maganar masu taɓin hankali an ɗage zuwa 2027. Wata tsohuwar sojar ƙasar mai suna Christine Gauthier ta faɗa wa kwamitin majalisarsu a 2022 cewa ta daɗe tana neman a sa mata abin hawa da keken guragu a gidanta, sai wani ma'aikacin gwamnati ya yi mata tayin taimakon mutuwa. Idan haka ta faru a can, ina ga nan da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun mutane yake fita?

Don haka ba halasta shi nake nema ba. Abin da ya sa na rubuto shi ne, bayan kun ce haramun sai a rufe littafi a wuce tambaya ta gaba, mu kuma a bar mu da majinyacin a ɗaki.

Masu goyon bayan wannan doka ba dukansu ne marasa imani ba, marigayi Desmond Tutu babban limamin coci ne a Afirka ta Kudu kuma a ƙarshen rayuwarsa ya goyi baya. Na saɓa masa, amma nasan abin da ya gani, don nima na gani. Gwaggona ciwon dajin mama ne ya kama ta, ta ɓoye har ya fashe, lokacin da muka kai ta asibiti likita ya duba ya kira mijinta gefe ya ce ku tafi da ita gida a ci gaba da addu'a. Shikenan, abin da aka sallame mu da shi kenan, sai farasitamol da wani maganin shafawa. Wanda bai yi jinyar mai kansa, wato ciwon daji, ba ba zai gane ba. Ɗakin sai mun kunna turaren wuta safe da yamma saboda warin gyambon, ita kuma tana jin kunyar hakan ta daina yarda a shigo gaishe ta, da daddare takan cusa bakin zani a baki ta cije don kada jikoki su ji kukanta, in muka zo juya ta sai mun zama mu uku kuma duk inda aka taɓa ihu ne. Matar da ban taɓa ganin ta bar walaha ba, ta kai tana riƙe hannuna tana cewa ki roƙa min Allah ya ɗauke ni yau. An yi tofi, an sha rubutu, an sauke Alƙur'ani, Allah ya saka wa waɗanda suka yi, amma ciwo yana nan yana cinta har ta cika. Daga baya wata nas take ce min da an samu mofin na ruwa, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, ana ɗiga mata duk bayan awa huɗu da ta yi barci, da ta yi sallarta a natse, da ta yi magana da 'ya'yanta. Wannan maganar har yau tana min ciwo.

Irin gwaggona ba su ƙirguwa. Ƙiyasin hukumar lafiya ta duniya na 2022 ya nuna kusan mutum 128,000 ne suke kamuwa da kansa a Najeriya a shekara, kusan 80,000 suna rasuwa, kuma galibi sai abu ya yi nisa ake zuwa asibiti. Ban ma sa masu ciwon ƙoda da kuɗin wanki ya ƙare musu ba, da masu shanyewar ɓarin jiki, da 'yan sikila da ciwo kan tayar musu cikin dare. A 2017 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa cewa cikin kusan tan 300 na mofin da danginsa da ake rabawa a duniya a shekara, abin da yake isa ƙasashe matalauta bai wuce kilo 100 ba. Kuma maganin nan ba tsada gare shi ba. A Yuganda wata likita mai suna Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa gidan kula da irin waɗannan majinyatan a 1993, garin mofin suke samu su dama da ruwa su zuba a robobi su bi mutane har gida, 2004 gwamnatin ƙasar ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi saboda likitoci ba su isa ƙauye ba, kuma kyauta majinyaci yake karɓa. Yuganda bata fi mu arziki ba. Mu nan akwai ƙoƙari a wasu manyan asibitoci, Ibadan sun daɗe da buɗe sashen rage raɗaɗi, amma mutumin ƙauyen Jigawa ko Yobe ina zai gan shi?

Za ku ce wannan ai aikin gwamnati ne, ina ruwan malamai. Akwai ruwanku Malam, don ko inda maganin yake mutane gudunsa suke. Tun da aka yi ta fama da kodin har gwamnati ta hana shi a 2018, ga taramol da ya lalata mana matasa, duk abin da aka ce yana sa maye an haɗa shi a kwando ɗaya, sai ka ji ɗan uwan majinyaci ya ce ba za a ɗura wa mahaifiyarsa ƙwaya ba, wani ya ce allurar tana gaggauta mutuwa, wani ya ce ai ciwo kankarar zunubi ne a bar ta ta samu ladanta. Likitan ma wani tsoro yake kada a ce shi ya ƙarasa ta. Waɗannan mutanen ba za su ji maganar likita ba amma za su ji taku. Ku fito ku gaya mana a sarari: maganin da likita ya auna ya bayar don ya kashe zafi, ba da nufin kisa ba, menene hukuncinsa? Ni abin da na fahimta daga karatun da kuka yi mana shi ne halas ne saboda larura, kamar yadda ake sa mutum barci a yi masa tiyata. Kuma haƙuri da jarrabawa bai hana neman sauƙi ba, tunda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya ce ku nemi magani. In na fahimta daidai ku faɗa a mumbari, in kuma akwai sharuɗɗa ku faɗe su, amma dan Allah kada a yi shiru.

Sai maganar na'urar numfashi, wadda ita ce ta fi raba kan 'yan uwa. Duk wanda ya taɓa zama a barandar ICU, wato ɗakin da ake kwantar da waɗanda jikinsu ya yi tsanani, ya san yanayin, an shimfiɗa tabarmi, ga fulas ga buta, kowa da carbi, duk wanda ya fito da farar riga sai a miƙe. Na ga wani gida da ɗansu ya yi hatsarin babur, likitoci suka ce ƙwaƙwalwa ta riga ta mutu injin ne kawai yake hura ƙirjin, kuɗi kullum ƙaruwa suke an sayar da fili an ci bashi, babban wa ya ce a cire, ƙanin ya ce wallahi duk wanda ya sa hannu a takardar nan shi ya kashe shi kuma sai ya amsa a gaban Allah, uwar tana zaune tsakaninsu bata ce komai ba sai hawaye. Babu wanda ya san hukunci a cikinsu. Alhali manyan malaman duniya sun zauna a kan wannan tun kafin a haifi yaron. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman a 1986 ta ce idan ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya kuma ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba za ta dawo ba, ya halasta a cire na'urar. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1987 ita ma ta yarda a cire idan likitoci uku suka tabbatar, sai dai ta ce ba za a yi masa hukuncin mamaci ba sai zuciya da numfashi sun tsaya. Kwamitin fatawa na Saudiyya ma yana da fatawa cewa idan amintattun likitoci uku suka ce farfaɗo da majinyaci ba zai yi amfani ba, ba sai an yi ta danna masa ƙirji ba. Wannan duk yana cikin littattafai da Larabci, ku kuna iya karantawa, wancan ƙanin da yake rantsuwa a baranda ba ya iyawa. In ma kuna da saɓani da waɗannan fatawoyin, ku zauna da likitocinmu Musulmi ku fitar da naku, mu dai mu san inda muka dosa.

Domin a fahimtata abu uku ne mabambanta ake cakuɗawa. Akwai a ba mutum abin da zai kashe shi, wannan kisa ne ko da shi ya roƙa. Akwai a bar maganin da likitoci suka tabbatar ba ya ƙara komai sai wahala, a bar ajali ya zo da kansa. Akwai kuma a kashe masa zafi yana jiran lokacinsa. Rashin rarrabewar nan ne yake sa wani ya talauta marayu a kan injin da ba zai dawo da kowa ba, wani kuma, wannan ya fi muni, ya fake da tawakkali ya ɗauke majinyacin da zai iya warkewa ya kai gida don baya son kashe kuɗi. Shi ma mai fakewa da tawakkalin yana buƙatar ku ja masa kunne, don ita majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1992 ta ce neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka, kuma ta ce ko wanda aka fidda rai da shi ba a daina kula da shi da rage masa zafi. A ɓangaren doka kuwa Kotun Ƙoli ta Najeriya tun 2001, a shari'ar likita Okonkwo, ta ce baligi mai hankali yana da 'yancin ƙin karɓar magani. Amma mu a nan ko tambayar majinyacin ba a yi, musamman in mace ce, mijinta da yayyenta ne za su yanke a waje.

Wannan ya kawo ni kan ɓoye-ɓoye. Likita zai gaya wa dangi, dangi su haɗa baki kada a gaya masa, kowa ya shigo ya ce ai jiki ya yi kyau, sai ka tashi insha Allah. Nasan tausayi ne, nima na yi. Amma mutumin nan ƙila akwai bashi a kansa da ba wanda ya sani, akwai amanar wani a hannunsa, akwai 'yar uwar da suka yi shekaru ba sa magana, akwai wasiyyar da addini ya ce kada ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba, duk mun hana shi saboda muna tsoron fuskarsa in ya ji. Gwaggona ta sani sarai, mu ma mun san ta sani, amma muka yi ta yi wa juna kara har lokaci ya ƙure. Ku koya mana yadda ake faɗa wa mutum gaskiya ba tare da an yanke masa ƙauna daga rahamar Allah ba, ku kuka fi kowa iya wannan harshen. A wannan shirun ne kuma wasu masu kiran kansu masu maganin Musulunci suke shigowa da jarka, su ce ciwon daji ai sihiri ne ko aljani, su karɓe ɗan abin da ya rage. Da sunan addininku suke yi, ya kamata a ji muryarku a kansu.

Wanda kuma ciwo ya kai shi ya ce ku kashe ni in huta, dan girman Allah kada a yi masa wa'azin wuta a wannan lokacin. Zafi ne yake magana, ko baƙin ciki, ko jin ya zama kaya. Masu aikin kula da irin waɗannan majinyatan sun sha faɗa cewa da yawansu in aka kashe zafin aka zauna aka saurare su maganar takan wuce. Haka wanda ya yi yunƙurin kashe kansa Allah ya kuɓutar da shi, Penal Code ta tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, shi ya sa iyalai suke ɓoyewa ba sa kai shi asibiti. Legas ta mayar da abin zuwa kai mutum asibiti, Ghana ta soke hukuncin a 2023. Zunubi ne babu shakka, amma ban ga yadda kurkuku zai warkar da wanda ya riga ya gaji da rayuwa ba, ina so in ji ra'ayinku a kan wannan ma.

Malam, gwamnoni suna zuwa gidajenku, 'yan majalisa suna zama a sahun gaba ranar Juma'a. Lokacin rigakafin shan inna sai da malamai da sarakuna suka sa baki sannan mutane suka buɗe ƙofa, don haka kun san nauyin maganarku. Ku tambaye su me ya sa babban asibitin jiha zai sallami mai kansa babu maganin zafi, ku tambaye su ina alƙawarin kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya da aka ɗauka a Abuja tun 2001. Hukumomin zakka da waƙafi na jihohinmu, da attajiran da suke tambayarku inda za su sa sadaka, ku nuna musu cewa ɗaukar nauyin nas guda da za ta riƙa zagayawa gidajen masu jinya tana wanke gyambo tana kai magani shi ma aikin lada ne. A 2019 shugabannin Musulmi da Kirista da Yahudu sun sa hannu a wata takarda a fadar Paparoma, suka ƙi kisan tausayi suka kuma ce a faɗaɗa kulawar rage raɗaɗi, biyun tare suka faɗa. Mu rabin farko kawai muke ji.

Roƙona dai shi ne majalisun malamai na jihohinmu su kira likitocin ciwon daji da na ICU da nas-nas, a saka mata masu jinya a zaman don su suka san abin da ke faruwa da tsakar dare, a fitar da bayani da Hausa mai sauƙi kan maganin kashe zafi, da cire na'ura, da gaya wa majinyaci halin da yake ciki. A karanta shi a huɗuba, a sa a rediyo, a buga a manna a barandar asibitoci inda dangi suke zama.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalamu alaikum.
Ɗalibarku.